Amsar Eilert ga Jikarsa

Ragnfrid, kin tambaye ni ta waya,
muryarki na tsinkewa, iska na dukan taga:
"Kaka, in zo da hunturu, ko in jira bazara?"
Na ce ki bar ni in kwana a kai.
Kwana uku ke nan ina juya maganar.

In kin zo farkon Janairu,
kada ki nemi rana, ta yi balaguro.
Tun ƙarshen Nuwamba ta faɗa bayan dutse,
ta bar mana ɗan shuɗi da tsakar yini,
kamar ruwan da aka ɗauraye shuni,
kafin ki shanye kofi biyu ya gushe.
Jirgin fito kan yi taurin kai, ya ƙi tashi,
ki kwana a Tromso, kan benci,
jaka ce matashi.
Ɗanki, wanda ya buɗe ido a hasken Lisbon,
zai yi kuka in sanyi ya ciji kunnensa.

Amma akwai dare, ba kullum ba,
da sama kan kwance koren mayafi,
ta karkaɗe shi bisa teku,
gefensa ja, tsakiyarsa na rawa.
Shekara tamanin da ɗaya ina kallo,
har yau nakan fita ba hula,
in tsaya baki buɗe kamar baƙo.
Kuma kifi na shigowa a wannan wata.
Gudveig ta gidan sama za ta dafa hanta da ƙwansa,
ta cika miki faranti, ta yi miki faɗa
wai kin rame a ƙasar mutane.

In kuwa kin jira Yuli,
rana ce za ta ƙi tafiya gida.
Ƙarfe ɗaya na dare tana zaune bakin ruwa
kamar maƙwabciyar da hira ta yi wa daɗi.
Yaro ba zai yi barci ba, ke ma haka,
ko an toshe taga da bargo.
Sauron fadama ba ya jin magiya.
Baƙi kan cika hanya da motocin kwana,
su ɗauki hoton rumfar kifina
kamar ba su taɓa ganin itace ba.

Sai dai hanyar dutse a buɗe take.
Zan nuna wa yaron inda 'ya'yan fadama ke nuna,
masu ruwan ɗorawa, tsami-tsami,
wurin da ban taɓa gaya wa Gudveig ba.
Ƙanƙara ta narke daga kabarin Oddny,
za ki karanta sunan kakarki da idonki,
ki cire ciyawar da gwiwata ta hana ni.
Da hunturu sai dai in nuna miki farin tudu,
in ce, tana nan, wajen nan dai.

Na ɗora su a sikelin da nake auna kifi.
Bazara ta ɗan rinjaya, ba zan ɓoye ba.
Kowa a tsibirin nan haka zai ce miki,
har da mai jirgin fito.

Saura abu guda da ban faɗa ta waya ba.
Talatar da ta wuce na je asibiti.
Likitar yarinya ce, sa'arki,
ta daɗe tana duban takarda
kafin ta ɗago ta dube ni.
Na tambaye ta zancen Yuli,
sai ta gyara zaman tabaranta.

Don haka ki sayi safar ulu, ƙafa uku,
da hula mai rufe kunne saboda yaron.
Na share dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa,
gobe ma zan share.
Fitilar taga tana kunne tun Nuwamba.
Janairu ya fi kusa.